Godiya ga Ofishin Cocin Ramseyer na Adum, Kumasi

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin makaranta ne a Aboabo. A zangon karatun nan aka ba ni darasin yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sai na ga ya kamata yara su ga wani abu da idonsu, kada a tsaya a kan allo. Sati biyu ina safa da marwa tsakanin wasu ofisoshin gwamnati uku. Nan a ce oga ba ya nan, can a ce in kawo takarda. Na kawo aka ce babu hatimi, na buga hatimi aka soma yi mini zancen na goro. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da zuciya biyu na nufi ofishinku, sanye da kaftani da hula, ina tunanin Musulmi ɗan zango zai sha kallo. Wata dattijuwa ta miƙe daga kujerarta ta ce, "Malam, sannu da rana, zauna." Sai da ta sa aka kawo mini ruwa mai sanyi sannan ta tambayi abin da ke tafe da ni.

Ranar da na kawo yaran, ita da kanta ta zagaya da mu. A bakinta suka ji cewa Fritz Ramseyer, ɗan Suwizalan na mishan ɗin Basel, a ɗaure ya fara shiga Kumasi. Mayaƙan Asante ne suka kama shi da matarsa a Anum a 1869, bai samu kansa ba sai 1874. Da wani ne, ko sunan garin ba zai so ya ƙara ji ba. Shi kuwa ya komo a 1896 ya kafa wannan majami'a. Yaƙin 1900 ya rushe abin da ya gina, ya sake komowa, a 1907 aka tayar da ginin dutse. Yaran suka yi ta shafa bango suna lissafin shekarunsa da yatsu. Da azahar ta yi, tun ba mu roƙa ba, Mama ta fito da bokitin ruwa ta nuna mana inuwar da za mu yi salla. Mama, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ofisoshin da ake biya da harajinmu. A ɗayansu da idona na ga kwalayen takardu a ƙasa gara na ci, magatakarda kuma yana latsa waya, ko kai bai ɗago ya amsa sallamata ba.