Amsa ga Malamin da Ya Ce Ina Neman Soke Haddi

Allah ya gafarta Malam, assalamu alaikum.

Ranar Juma'a ka kama sunana a rediyo, ka tambaya ko kiran da nake yi na a horar da alƙalai su riƙa tura mashaya asibiti ba dabarar soke haddin giya ba ce, kuma wa ya biya ni. Batun kuɗi ba zan ɓata baki ba, Katsina ta san gidan da nake ciki da babur ɗin da nake hawa. Amma a ce ni ne mai neman rusa hukuncin Allah, wannan ta hana ni barci.

Shekara 20 na yi ina magatakardan kotu. Tun da jiharmu ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, bulala 80 tana nan, ban taɓa cewa a rage ko ɗaya ba. Tambayata ita ce: in an gama bulalar, ina mutumin ya nufa?

Akwai wani magini da na rubuta sunansa sau huɗu. A zuwan ƙarshe hannunsa na karkarwa, sai da ɗan sanda ya riƙe masa babban yatsa kafin ya dangwala. Aka tsare shi. Kwana uku sai jijjiga, yana ta kore abin da babu shi daga jikinsa, ranga-ranga aka fito da shi. Wanda giya ta riga ta kama jikinsa, yanke ta farat ɗaya na iya kashe shi. Likita ya san haka. Alƙalinmu, mutumin kirki, bai sani ba, don ba wanda ya koya masa. Da ya sani, takarda ɗaya ta isa.

Daga bakinka na ji hadisin Bukhari na mutumin da aka yi ta kawowa kan shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Ba ka manta ba, Malam. Ina jin dai ka lura jama'a sun fi kasa kunne in akwai wanda ake nunawa da yatsa, kuma wannan ya yi mini ciwo.

Iyayen da suka rasa inda za su kai 'ya'yansu, su suka cika gidan marin da 'yan sanda suka fasa a Daura a Oktoban 2019, aka fito da bayin Allah da sarƙa a ƙafa. Ran nan na saurari rediyo har dare, ban ji ka tambayi kowa komai ba.

Wassalam,
Ɗalibinka, tsohon magatakarda