Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Tsaro: wa ke gyara takardar sallamar soja in an rubuta ta ba daidai ba?

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya taya riƙo.

Yallaɓai ni ba soja ba ne, ɗan bariki ne dai, a layin sojoji na taso, shi ya sa har gobe in aka ce maganar tsofaffin sojoji ce bana iya kawar da kai. Kuma na san wasiƙun da suka fi zuwa teburinka a Ship House, hedikwatar ma'aikatarka, duk na kuɗi ne, a biya ariyas, a biya alawus, a ƙara fansho. Tawa ba ta kuɗi ba ce kai tsaye, ta takarda ce, takardar sallama, wannan da ake miƙa wa soja ran da ya tuɓe kaki, wadda ke ɗauke da lambarsa da igiyar da ya fita da ita da fannin aikin da ya ƙware a kai da shekarun da ya yi da kuma shaidar halinsa. Tambayata guda ce, in aka yi kuskure a cikinta, aka rubuta ma mutum muƙamin da ba nasa ba ko aikin da bai yi ba, ina ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wane fom zai cike, kuma wata nawa zai jira kafin a ba shi amsa a rubuce?

Ka tara 'yan mazan jiya goma a ofishin Lijon, ƙungiyar tsofaffin sojoji, na kowace jiha ka yi musu wannan tambayar, wallahi amsa goma za ka ji. Wani zai ce sai ka koma bataliyarka ta ƙarshe, wani ya ce a'a Lakwaja za ka tunda can ne ma'ajiyar fayilolin ƙananan sojojin ƙasa take, wani ya ce Dutsen Alhaji wajen hukumar fanshon soja, wani kuma ya sassauta murya ya ce kai dai nemi wani yaronka da har yanzu yake cikin kaki ya shige maka gaba. Kowa da gaskiyarsa daidai abin da ya gani, amma kai ma ka san hanyar da sai an san wani kafin a bi ta ba hanya ba ce.

Mutumin da bai zauna da sojoji ba zai ce to miye a ciki, saje ko sitaf saje ai duk soja ne. Yallaɓai kai ka fi ni sanin ba haka ba ne. Sojoji ba sa cikin tsarin fanshon adashin gata da sauran ma'aikata ke ciki, dokar fansho ta 2014 ta ware su, nasu ana lissafa shi ne a kan muƙamin da mutum ya fita da shi da yawan shekarun da ya yi yana aiki. Kenan in aka sauke mutum mataki ɗaya a takarda, giratutinsa ya ragu, fanshonsa na kowane wata ya ragu, duk wani ƙari da gwamnati za ta yi nan gaba a kan wancan ƙaramin matakin zai hau, haka za a yi ta tafiya shekara da shekaru har ya koma ga Allah, sannan in iyalinsa suka tashi bin haƙƙinsa su ma takardar nan dai za a ce su kawo.

Akwai wani kawuna, ƙanin mahaifiyata, makanikin manyan motoci ne a soja, ya je Laberiya zamanin ECOMOG, irin mutanen nan ne da ke kwana a ƙarƙashin mota don gari ya waye ayari ya tashi. Ana saura 'yan watanni ya yi ritaya aka ƙara masa girma zuwa sitaf saje, an ɗaura masa a gaban jama'a, akwai hoto, abokan aikinsa da yawa suna nan da ransu. Da takardar sallama ta fito sai ga saje, a wajen fannin aiki kuma aka sa masa ji-di, wato sojan kowane aiki wanda ba shi da wata sana'a takamaimai. Abin da ya faru ba wani ɓoyayyen abu ba ne, sanarwar ƙarin girman ta fita a fat-tu-oda, wato takardar sanarwar hukuma ta inda yake aiki, amma ba ta riski fayil ɗinsa ba kafin a buga takardar, shi kuma wanda ya buga abin da ya gani a gabansa ya kwafa. Ba mugunta aka yi masa ba, sakaci ne irin na akawu. Amma da ya tashi neman gyara sai wannan ofishi ya ce ba mu muka buga ba, wancan ya ce mu abin da aka aiko mana muke biya, na ukun ya ce ya kawo asalin sanarwar, sanarwar da ba a hannunsa ake ajiye ta ba tun farko. Kuɗin mota ya cinye abin da yake nema, ya haƙura da zirga-zirgar.

Shi kuma fannin aiki ba a cika maganarsa ba, ni a ganina ma wani lokacin ya fi na igiyar ciwo. Soja da yawa suna fita da sauran ƙarfinsu, wanda ya shiga Daffo a Zariya yana ɗan shekara 18 ko 20 in ya yi shekara 35 ɗinsa na aiki cif bai kai 60 ba, balle wanda ya fita da wuri don ganin damarsa ko don rauni. Zai nemi aiki a kamfanin gine-gine ko asibiti ko kamfanin sadarwa, abin da zai nuna shi ne takardar nan. Mutum ya yi shekaru yana aikin sigina, ko yana ɗinke rauni a asibitin bariki, ko yana tuƙa tirela, ko yana riƙe da sito, takarda ta ce ji-di, to me mai ɗaukar aiki zai ba shi? Gadi. Shi ya sa za ka ga ƙwararren mai gyaran rediyon soja yana buɗe get a gidan wani. Kuma abin mamakin gwamnati da kanta take kashe kuɗi ta kai su cibiyar sojoji da ke Oshodi a Legas ta koya musu sana'a kafin ritaya don kar su wulaƙanta, sai kuma takardar da za ta shaidi sana'ar da suka riga suka iya ta fito babu ita.

Na tsofaffin can baya kuwa sai dai addu'a. Kafin yaƙin basasa sojan Najeriya duka-duka wajen 10,000 ne, zuwa 1970 da aka gama sun kai kusan 250,000. An ɗebi mutane cikin gaggawa, wani horon 'yan makonni aka ba shi aka tura shi daji, wani a fagen fama aka ɗaura masa igiya don wanda ke gabansa ya faɗi, babu mai lokacin rubutu. Bayan nan aka zo rage yawan soja aka sallami dubbai, da yawansu ba su iya karatun boko ba, an miƙa musu takarda sun naɗe ta a leda sun sa a ƙasan adaka ba tare da sun san me ke ciki ba, sai yanzu da jika ya karanta musu ko aka zo tantancewa aka ce suna ko ranar haihuwa bai dace da na NIN da BVN ba. Waɗannan mutanen kullum raguwa suke.

Zan faɗi ɗaya gefen don kar a ce na zo da son kai. Ba duk wanda ya ce an rage masa igiya ne yake da gaskiya ba. Akwai wanda aka ba shi muƙami na riƙon ƙwarya, ya ɗaura igiyar kowa na ce masa saje amma ba a tabbatar masa ba har ya fita. Akwai wanda ya yi laifi aka gurfanar da shi aka cire masa igiya, ya dawo gida bai gaya wa ko matarsa ba. Akwai kuma 'yan damfara da masu fanshon bogi waɗanda su suka jawo ake wahalar da kowa da tantancewa. Duk na yarda. Amma ai wannan shi ne ma babban dalilin da ya sa ake buƙatar wurin da za a zauna a buɗe fayil a duba, mai gaskiya a gyara masa, wanda ba shi da ita a gaya masa dalili a rubuce ya je ya huta. Yanzu da babu tsayayyen wuri, mai gaskiya da maƙaryaci layi ɗaya suke bi, kuma sau da yawa maƙaryacin ya fi iya bin layin.

Wani zai ce ai doka ta tanadi hanyar koke. E, dokar rundunonin soja a sashe na 178 da 179 ta ba hafsa da ƙaramin soja damar kai kuka ta hannun kwamandansa har zuwa sama. To amma wannan tsari ne da aka gina shi don mai kaki, wanda yake da kwamanda. Dattijon da ya bar aiki shekara 20 yana zaune a Zuru ko Biu ko Kaura Namoda waye kwamandansa? Bataliyar ma wataƙila an canja mata wuri ko an narkar da ita cikin wata. In ya ce bari ya je Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975 don talakan da ofishin gwamnati ya zalunta, dokarta ta hana ta taɓa abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin dokar soja. In ya ce kotu, lauya kuɗi ne, kuma lauyoyin gwamnati sun saba ɗauko dokar nan da ta ce ƙarar jami'in gwamnati sai cikin wata 3, shi kuwa bai ma gano kuskuren ba sai bayan shekaru.

Abin nan ba mu kaɗai yake faruwa da mu ba, bambancin dai wasu sun yi masa magani. Amurka tun 1946 dokarsu ta ba da damar kafa kwamitin gyara bayanan soja, kowace runduna da nata, kuma fararen hula ne manyan ma'aikata ke zama a ciki. Takardar sallamarsu DD 214 ce, in da kuskure akwai fom guda sananne, DD 149, tsohon soja ko matarsa ko magajinsa ya cike ya haɗa da hujjojinsa ya aika. An ba da shekara 3 daga ranar da mutum ya gano kuskuren, ba daga ranar da aka yi shi ba, kuma ko ya wuce kwamitin na iya ɗaga masa ƙafa in adalci ya buƙaci haka. Su ma fa ba wai fayilolinsu ba sa ɓata ba ne, a watan Yulin 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyarsu da ke St. Louis ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, amma ba su ce wa tsofaffin sojojin ku kuka sani ba, sai suka koma haɗa tarihin mutum daga takardun albashi da na asibiti da sauran abin da ya tsira. Ban ce a kwafo nasu sak ba, wannan na ƙarshen ne nake so a duba, cewa ɓatan fayil laifin mai ajiya ne ba laifin mai fayil ba.

To ga roƙona ranka ya daɗe. A kafa kwamiti na dindindin a ƙarƙashin ma'aikatarka wanda aikinsa kenan, gyara kuskure a takardun waɗanda suka bar aiki, na ƙasa da na ruwa da na sama, a sa wakilin tsofaffin sojoji a ciki da lauya, kada ya zama wanda ya buga takardar shi ne kuma zai yanke hukunci a kan kuskurensa. Fom ya zama ɗaya, kyauta, a same shi a intanet kuma a same shi a ofishin Lijon na jiha da hedikwatar birged mafi kusa, don mai fanshon da ke Sakkwato kada ya sayar da akuyarsa ya tafi Abuja kawai don a ce masa oga baya nan. In ya miƙa a ba shi lamba da shaidar karɓa, a kuma yanka wa'adi, ko wata 6 ne, a ce cikinsa dole ya ji e ko a'a tare da dalili.

Sai maganar hujja, wadda a nan ne ake kayar da su. Fat-tu-oda da takardar biyan albashi da sakamakon kwas da na jarrabawar sana'a duk a hannun hukuma suke, to kwamitin ne ya kamata ya aika a kawo masa, ba a ce tsoho ya je ya nemo ba. In takardar albashin watansa na ƙarshe ta nuna kuɗin sitaf saje aka biya shi, me kuma ake jira? In fayil ya ɓata gaba ɗaya a karɓi satifiket ɗin kwas da ke hannunsa da hoto da rantsuwar waɗanda suka yi aiki tare, a auna. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta yarda cewa mutum na da haƙƙin a gyara bayanin da aka rubuta a kansa ba daidai ba, bai kamata a ce wanda ya ɗauki bindiga don ƙasar nan shi ne zai rasa wannan ba. Kuma in an gyara a aika wa masu biyan fansho kai tsaye, a biya shi cikon abin da aka rage masa tun daga ranar da ya fita, ba daga ranar da aka ga dama aka gyara ba. Matan da mazajensu suka rasu su ma a ba su damar nema.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, ko sisi ba zai ci ba, umarni kawai yake buƙata daga ofishinka zuwa ga hafsoshin rundunoni. Kafin a buga wa kowane soja takardar sallama a ba shi kwafin gwaji tun yana cikin kaki, ya zauna ya karanta ko a karanta masa, ya duba sunansa da lambarsa da igiyarsa da fanninsa da ranar da ya shiga, in daidai ne ya sa hannu, in ba daidai ba a gyara tun akawun da kwamandan suna wuri ɗaya da shi. Ana iya fara wannan da rukunin da za su fita a bana.

Na gode da lokacinka yallaɓai, a huta lafiya.

Naka,
Wani ɗan bariki daga Kaduna