A sauke wa mutanenmu tuta, a karanta sunayensu

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan 'yan uwanmu da 'yan bindiga ke kashewa a jihar nan ta Katsina. A watan Yulin 2025 da Allah ya yi wa Baba Buhari rasuwa aka kawo shi nan Daura, gwamnati ta sa a sauke tutar ƙasa zuwa rabin sanda har kwana 7, kuma ya cancanta, Allah ya jiƙansa. To wata guda bayan nan aka shiga masallaci a Unguwar Mantau ta Malumfashi ana sallar asuba aka buɗe wa bayin Allah wuta, abin da ya iso mana lissafi ne kawai, wannan ya ce mutum kaza wancan ya ce a'a sun fi haka, shikenan aka wuce wurin. Haka a Batsari, haka a Jibiya da Faskari da Ƙanƙara.

A Amurka harin 11 ga Satumban 2001 ya ci mutum kusan 3,000, amma har yau duk shekara iyalansu na taruwa a New York suna karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, wasu makarantu kuma su kakkafa 'yan ƙananan tutoci a fili, kowace tuta mutum ɗaya.

Na san wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, mu addu'a muka sani da sadaka, kuma da gaskiyarsa, nima ba gunki nake cewa a gina ba. Roƙona ga Gwamna Dikko Raɗɗa shi ne a ware rana ɗaya a shekara a sauke tuta a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, a sa masu unguwa da dagatai su tattaro sunaye don wallahi sun san kowa har da ubansa da gonarsa, a karanta su a rediyo, har da 'yan sa-kai da sojojin da suka rasu a daji, malamai su yi musu addu'a.

Sannan takardar sunayen nan kar ta tafi ta kwanta a durowa, da ita za a bi gida gida, matar da aka bari da yara shida tana surfe ta ga buhun masara, marayan kuma a biya masa kuɗin jarabawa.

Naku,
Mai karatu daga Daura