Likitan haƙori ma yana gajiya, kuma ba raunin imani ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan mutanen da ba kasafai ake tausaya musu ba, wato likitocin haƙori. Ni nas ce a wani asibitin haƙori a nan Kumasi. Ni ke miƙa wa likita kayan aiki, ni ke riƙe hannun yaro idan za a yi masa allurar kashe zafi a dasashi. Ganau ce ni, ba jiyau ba.

Mutanenmu na Zango ba sa zuwa sai kunci ya kumbura, an gama da kanumfari da ruwan gishiri da ƙwayoyin kemis. Mutum ya shigo bai runtsa ba, ga tsoro ga fushi. Likita ya sunkuya a kansa wajen awa guda, wuya a karkace, yana laluben guntun saiwar da ta karye, a waje kuma layi sai guna-guni yake yi. Duk wanda ya hau kujerar nan da tsoronsa yake zuwa, likita ne ke shanye shi, daga safe har la'asar.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. Tun cikin shekarun 1980 Farfesa Cary Cooper da abokan aikinsa suka bincika likitocin haƙori a Birtaniya, suka tarar matsin lokaci da majinyata masu wuyar sha'ani na cikin abubuwan da suka fi cin ransu. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar nan da ke tsotse mutum a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun addini. Wani masani a Amurka, Kenneth Pargament, ya shafe shekaru yana nazarin yadda mutane ke jingina da addini a lokacin ƙunci. Ya nuna cewa wanda ke kallon Ubangiji a matsayin mai jinƙai, yana kuma samun jama'ar da ke tallafa masa, yakan fi samun sauƙi. Wanda kuwa ya ɗauki wahalarsa azaba ce, ko an yi watsi da shi, damuwarsa ƙaruwa take yi.

Na farkon kullum ina ganinsa. Likitanmu yakan cire safar hannu ya yi alwala ya sallaci azahar, ya dawo fuska a sake, murya ta sauka. Abokiyar aikinmu Kirista ma ba ta taɓa majinyaci sai ta yi addu'arta.

Na biyun kuwa mu ke tura mutane cikinsa, wannan ne ke ci mini rai. Wani matashin likita ya gaya wa mutanen gidansu barci ya ƙaurace masa, gabansa na faɗuwa duk daren Lahadi. Aka ce masa imaninsa ne ya yi rauni, wai likita guda da albashi me zai dame shi? Ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ƙara da zargin kansa a kan gajiyar da yake ciki. Alhali Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani.

Ina roƙon malamanmu na Aboabo da Asawase su faɗa a wa'azi cewa ganin likitan ƙwaƙwalwa bai saɓa wa tawakkali ba. Ghana na da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, akwai kuma sashen da ke wannan aiki a asibitin Komfo Anokye. 'Yan uwa majinyata kuwa, don Allah a riƙa zuwa tun rami yana ƙarami, lokacin da ciko zai wadatar. Katin inshorar lafiya na ƙasa yana ɗaukar cire haƙori da ciko mai sauƙi.

Wassalam.

Daga wata nas,
Aboabo, Kumasi