Zuwa ga aminina a Librebil

Garwa, daren Juma'a, cikin watan Agusta

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna sosai, Binuwai ya cika har ya fara cin gonakin bakin gada. Inna tana gaishe ka, ta ce in shaida maka atamfar da ka aiko ta iso, har ta ɗinka ta sa ranar sunan jikarta.

Saƙonka na murya sau uku na saurare shi. Na ga amsar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce ba ka gane karatun nan nawa ba: ni da na tashi da cokalin gini a hannu, me ya rage da za a koya mini a aji? Ka kuma ce Autanku ya ci bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, kana neman shawarar inda zai dosa. Amsar duka biyun ɗaya ce, amma bari in fara da abin da ban taɓa ba ka labarinsa ba.

Shekara biyu bayan tafiyarka, wani ɗan kwangila ya ɗauki Baba aikin ajujuwa 3 a wani ƙauye can bayan Marwa, na bi shi. Takardun aikin sun makara, ba mu sa diga a ƙasa ba sai ƙarshen Yuni. Mutumin nan da kuɗin somin aiki suka shigo hannunsa, sai ya sayi siminti buhu 200 a tashi ɗaya, aka jibge a wata rumfar zana, a ƙasa, ko katako ba a shimfiɗa ba. Rodi kuwa bai iso ba. Ka san ƙasar can, baƙar laka ce da Fulani ke kira karal, da rani ta tsage har ƙafa ta shige, da ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura ta zama kamar sabulu. Ruwan farko mai ƙarfi ya cika rafin da ke tsakaninmu da titi, tipa ta kwana 9 ba ta tsallako ba. Ramin harsashin da muka haƙa ya zama tafki, gefensa na zubewa. Ranar da muka buɗe rumfar, na ɗaga buhun ƙasa na ji shi kamar dutse, na sa guduma ya ƙi fashewa. Leburori suka yi mako 5 ba biya. Baba ya sayar da ragunansa biyu ya sallami yaran da shi ya kawo, don ya ce ba zai iya haɗa ido da iyayensu ba. Ginin yana nan a tsaye iya linta, yara na karatu a gindin bishiya kusa da shi.

Abin da ya daɗe yana cina shi ne, mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Ko sisi bai ci ba, shi ma asara ya tafka. Magina ƙwararru ne, kuɗi akwai, kaya akwai. Abin da babu shi ne mutum ɗaya da zai zauna tun kafin a fara ya ce wannan kafin wannan, wancan sai bayan ruwa. To, karatun zama wannan mutumin nake yi.

A Marwa nake, a makarantar injiniyoyi ta jami'ar da aka kafa a 2008, sashen gine-gine. Ana koya mana lissafin ƙarfin ginshiƙi da daɓe, da gwajin ƙasa, da awon fili, da zane a kwamfuta. Amma darussan da suka kama zuciyata su ne na tafiyar da aiki, wato yadda ake riƙe lokaci da kuɗi da ingancin gini gaba ɗaya ba tare da ɗaya ya kuɓuce ba. Za a ba ka gini a takarda, a ce ka yanyanka shi aiki-aiki: sharar fili, haƙa, zuba harsashi, ɗaurin rodi, kafa katako, zuba kankare, jera bulo, rufi, wuta, famfo, yaɓe, fenti. Kowanne ka faɗi kwana nawa zai ci, mutum nawa, kaya nawa, da aikin da dole ya gama kafin shi ya fara. Sai ka shimfiɗa su a jadawali irin wanda wani Ba'amurke, Henry Gantt, ya fito da shi sama da shekara 100 da suka wuce, kowane aiki da sandarsa a kwance bisa kwanaki.

Daga nan ake fitar da abin da ni a raina nake kira ƙashin bayan aiki. A cikin ayyukan nan akwai jeri guda wanda in ɗayansu ya makara da kwana ɗaya, ginin duka ya makara da kwana ɗaya. Sauran suna da sarari. Mai fenti in ya yi jinkirin mako, wataƙila ba wanda zai ji. Mai ɗaurin rodi in ya yi jinkirin yini, kafinta ya tsaya, mai kankare ya tsaya, birkila ya tsaya, kai kuma kana biyan hayar injin kwaɓi yana zaune. Wannan dabara a Amurka aka tsara ta wajen 1957, a kamfanin DuPont. Ranar da malami ya zana ta a allo, wallahi ƙauyen nan kawai nake gani. Rodi ne ke kan ƙashin baya, shi ya kamata a fara saye, don daga Duwala yake tasowa, jirgin ƙasa kuma iyakarsa Ngaundare, daga nan sai mota ta gangaro dutsen nan ta yi kilomita 270 da wani abu kafin ma ta iso Garwa. Siminti kuwa ga masana'antarsa nan Figil a kan hanya, ana iya ɗaukowa kaɗan-kaɗan gwargwadon bukata. Mutumin ya fara da na kusa mai lalacewa, ya bar na nesa mai jinkiri.

Kada ka ɗauka karatun ya sa na raina su Baba. Ya ƙara mini ganin girmansu ne. Ka tuna yadda yake tashinmu da asuba mu jiƙa buhunan algarara mu shimfiɗa a kan sabon daɓe, yana cewa kankare jariri ne, sai ya kwana bakwai ana ba shi ruwa kafin a yi suna? A ɗakin gwaji na ga dalilin da idona. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan ne yake haɗuwa da shi a hankali, in zafin Maris da Afrilu ya shanye ruwan da wuri ƙarfin ya tafi ke nan. Mukan zuba kankare a mazubi, mu jira kwana 28, mu sa a injin matsa har ya fashe, mu rubuta nauyin da ya ɗauka. Wanda aka shayar da wanda aka bari a rana, bambancinsu a fili yake. Haka awonsa na buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa: shi ne kusan abin da littafi ke kira kilo 350 na siminti a kankare mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, wato buhu 7. Da na gaya masa sai ya yi murmushi ya ce, "To, yanzu ka san sunansa." Abin da Baba bai samu ba shi ne ikon faɗa a ji. Ya gaya wa ɗan kwangilar nan a ɗaga simintin daga ƙasa, ba a saurare shi ba, don shi magini ne ba mai takarda ba.

Akwai kuma ɓangaren doka da kuɗi, wanda ya fi ba ni wahala saboda Faransancinsa mai nauyi ne. Dokar kwangilolin gwamnati ta 2018 muke bi layi-layi. Kuɗin somin aiki ba ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma sai banki ya tsaya maka. Ana iya riƙe har kashi 10 sai an ga ginin bai nuna aibi ba. In ka makara, tarar kowace rana kashi 1 cikin 2000 ne na kuɗin kwangilar har kwana 30, bayan nan ta ninka. Ka lissafa: aikin sefa miliyan 40, jinkirin kowace rana 20,000 ne, daga baya 40,000. 'Yan kwangilarmu da yawa suna sa hannu ba su karanta wannan shafin ba.

Kuma ba ƙananan ayyuka kaɗai abin ke ci ba. Kai da kake son ƙwallo ka fi ni sanin yadda aka ƙwace wa Kamaru gasar Afirka ta 2019 aka kai Masar saboda ayyuka ba su kammala ba, sai a Janairun 2022 gasar ta zo mana, muka ga Najeriya ta ci Masar a filin Rumde Ajiya nan Garwa. Ƙasa guda ma jadawali ya kayar da ita.

Maganar Auta. In yana da ƙarfi a lissafi da kimiyya, ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Shiga sai da jarrabawar gasa, don haka ya fara shiri tun yanzu, ya nemi tsofaffin tambayoyi. Ya gwada Marwa, ya gwada makarantar manyan ayyuka ta Yawunde, in da hali akwai irinta a Njamena, ga kuma makarantar injiniyoyi ta 2iE a Wagadugu, sai dai ita da tsada. Digirin farko shekara 3 ne, injiniya cikakke 5. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati 50,000 ne a shekara, wannan mai sauƙi ne. Ɗaki da abinci da kwamfuta mai ɗaukar manhajar zane su ne nauyin da zai hau kanka. Ba zan ce maka aiki na jiransa a bakin ƙofa ba, na ga waɗanda suka gama suna yawo da takardu. Amma waɗanda suka san shantiye, wato filin gini, da ƙafarsu ba sa daɗewa a zaune. Saboda haka sharaɗina ɗaya: ka turo shi wurin Baba ya ɗauki kwanon sarki ko na wata biyu ne kafin ya shiga aji. Wanda bai taɓa jin nauyin kankare a kansa ba, in ya rubuta cewa mutum 6 za su zuba daɓe a yini ɗaya, bai san abin da ya rubuta ba, leburori kuma tun ranar farko za su gane.

Sai batun filinka. Na je na gani ranar Talata, ruwa na kwanciya a kusurwar gabas, sai an yi ciko. Don Allah kada ka aiko kuɗin siminti yanzu, ko wa ya matsa maka. Ka aiko na rodi da tsakuwa, su ba ruwansu da damina, mu ajiye a gidan Baba. Haƙa sai ƙarshen Oktoba in ƙasa ta sha iska. Ina nan ina zana maka jadawalin da lissafin kayan, ɗaki-ɗaki, zan turo kafin in koma Marwa, ka duba ka gaya mini abin da aljihunka zai ɗauka a bana.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka shafa mini kan mai sunan Baba. Allah ya ba da kasuwa, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Garwa