Sanarwa: zaman iyaye masu lalurar nakasa ranar Asabar

Salama gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji, barkanmu da warhaka.

Asabar ɗin nan ƙarfe 4 na yamma za mu zauna a ɗakin Sande Sukul, Baba Fasto zai buɗe da 2 Sama'ila sura 9, labarin Mefiboshet wanda gurgu ne ƙafa biyu amma dai uba ne, yana da ɗa mai suna Mika, kowa ya karanto kafin ya zo.

Abin da ya jawo zaman, wata ƴar'uwarmu ta ce tana jin kunya idan ɗanta ya tura mata keke cikin unguwa, wai kamar ta ɗora masa nauyi. Ni kam ban ga abin kunya ba, yaron da ake koya masa addu'a da ladabi ai ya samu uwa. Sai dai a kula, kar aikin gida ya hana shi makaranta.

Kowa ya riƙo N500, za mu sayi siminti a yi gangara a ƙofar coci saboda masu keke da sanda. Mai napep ya taimaka ya ɗauko na Kofar Ƙaura.

Ku zo da yaran. Allah ya kai mu.