Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Ministan Muhalli Kan Yoyon Tankunan Gidajen Mai

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni mai haƙa rijiyar burtsatse ne, kuma abin da na gani a bakin aiki ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwanakin baya mun haƙa wa wani magidanci rijiya. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da wani tsohon gidan mai. Tun muna tsakiyar haƙa, ƙasar da injin ke fitarwa ta koma baƙi-baƙi tana warin fetur. Da ruwa ya taso muka tara a bokiti, sai ga maiƙo mai launin bakan gizo yana yawo a sama. Mai gidan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce yaransa sun daɗe suna cewa ruwan tsohuwar rijiyar gidan yana da wani ɗanɗano, shi kuwa yana kwaɓarsu. Har yau maganar nan tana damuna.

Ranka ya daɗe, tankin ƙarfe da aka binne a ƙasa mai danshi sai tsatsa ta ci shi, haka ma mahaɗan bututun da ke kai mai zuwa famfo. Huda kamar bakin allura ta isa, tunda ɗiga take yi dare da rana, shekara da shekaru, ba mai gani. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, don haka idan ya ratsa ƙasa sai ya kwanta a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya bi duk inda ruwan ya gangara. A cikinsa akwai sinadarin benzin mai jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a cikin litar ruwan sha, adadin da hanci ba ya iya ji. Kafin wari ya fito fili, an daɗe ana shan gubar.

Wasu sun riga mu ƙonewa. A 1996 birnin Santa Monica na Amurka ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa, saboda MTBE, wani sinadari da ake haɗawa da fetur a lokacin, da ya tsiyayo daga tankunan gidajen mai. Tun 1988 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kafa ƙa'idojin tankunan ƙarƙashin ƙasa, ta ba tsofaffin tankuna wa'adi zuwa Disambar 1998 a gyara su ko a rufe, kuma yoyon da aka tabbatar a can ya haura sau 500,000. Sun kuma kafa asusun tsaftace irin waɗannan wurare a 1986, da ɗan haraji a kan kowane galan na mai.

Roƙona shi ne kada a sabunta lasisin gidan mai sai an binciki ƙasar da ke kewaye da tankunansa. Aikin ba ya wuce ƙarfin ma'aikatarku. A huda ƙasa a ɗebo samfur mataki-mataki, a haƙa rijiyoyin sa ido aƙalla guda 3, domin da matakin ruwa a wurare uku ake gane inda ruwan ƙasa ya nufa. Daga nan a bi gidajen da ke wannan ɓangaren a gwada ruwansu a ɗakin gwaje-gwaje. A duba littafin awon mai ma: idan abin da sandar awo ke nunawa a tanki kullum bai kai abin da ya kamata ya rage bayan an cire wanda aka sayar daga wanda aka sauke ba, a tambayi inda ragowar ta shiga. Gidajen man da aka daina aiki da su aka bar tankuna a binne su ne suka fi ba ni tsoro, don babu mai auna su ko kaɗan.

Kuma don Allah, sakamakon gwajin kada ya tsaya a cikin fayil. A sanar da maƙwabta a rubuce, a tanadar musu ruwan sha har a kammala gyara, kuɗin aikin kuma ya fito daga aljihun mai tankin.

Mun toshe waccan rijiyar da siminti. Mutumin ya yi asarar kuɗin haƙa, kuma har yanzu ba a gwada ruwan maƙwabtansa ba.

Allah ya taimaki Minista.

Naka mai biyayya,
Wani mai haƙa rijiyar burtsatse